Mushe Attahir, Wanda Ya Ƙi Mayar da Kaltuma

Da ya idar da sallar asuba, Mushe Attahir, daraktanmu, sai ya zagaya lakwal, wato makarantarmu ta kwarin Tarka, da buta a hannu, ya yayyafa wa 'yan shuke-shukensa ruwa, sannan ya doki tsohon ƙarfen mota da ke rataye a jikin aduwa, ƙararrawarmu ke nan. Mu da muka sha bulalarsa muna cewa darakta ba ya barci. Yau ya tsufa, ya ajiye aiki, yana zaune a Tanout, ni kuwa kewar wannan ƙarfe nake yi.

A wancan zamani, in aka ce kowane gida ya ba da yaro a sa lakwal, makiyaya kan miƙa wanda ba zai iya bin dabba ba. Haka a 1978 wani makiyayi, Rissa, ya kawo 'yarsa Kaltuma a kan jaki, shan inna ya shanye mata ƙafafu. Mushe Audu, malamin aji ɗaya, ya ce a mayar da ita a kawo mai lafiya.

Darakta ya dube shi ya ce, "Audu, ƙafa aka aiko mu mu koyar, ko kai?"

Ya rubuta sunanta. Ya sa aka fashe dokin ƙofar aji don ta shiga da kanta, ya zaunar da ita gaba kusa da Rabi mai jin Tamajaq, harshen su Kaltuma. Wanda ya kwaikwayi tafiyarta, ranar sai ya gane kurensa. Ni ma na taɓa ganewa, kuma har yau ina jin kunya.

Sai farin 1984 ya zo, saura wata biyu jarrabawar sartifika. Rissa ya zo ɗaukar 'yarsa, za su yi kudu da sauran dabbobi. In ta tafi, shekara shida sun bi ruwa. Kai ne, Mushe Attahir, ka bi shi har zango a ƙafa, ka durƙusa gaban bukkarsa ka ce, "Bar mini ita amana. Abin da 'ya'yana suka ci, shi za ta ci." Alhali mun san hatsin gidanka ma a lokacin a aune ake dafa shi.

Kaltuma ta ci jarrabawa, ta wuce kwaleji. Bayan damina Rissa ya dawo, daga shi sai sanda da yara biyu. Ya ce, "Darakta, dabbobin da na hana waɗannan karatu dominsu, ko akuya ba ta rage ba. Rubuta su."

Mun gode, Mushe Attahir, uban marasa gata. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya. Ku kuma masu riƙe da makarantu yau, akwai yaron da ake shirin korar muku daga ƙofa gobe da safe. Ku fito da kanku ku karɓe shi.