Ranar da na tare wa wanzami ƙofa

'Yata ta fari da sikila aka haife ta. Tana shekara shida, a ƙauyenmu kusa da Garki, ciwon ya taso mata da damina. Kwana biyu tana ihun ƙafafu. Na buɗe idonta na ga cikinsa fari fat, tafin hannunta ma haka. A asibiti an taɓa gaya mini cewa in na ga haka, jini ne ya yi ƙasa, kada in jira.

Mijina yana gona. Ina ɗaura mata zani sai ga surukina da wanzami, da zabirarsa a rataye. Wai mataccen jini ne ya taru mata a gaɓoɓi, za a yi mata ƙaho a zuƙe shi. Yarinyar da ɗan abin da ya rage a jikinta bai kai ya riƙe ta ba, ita za a tsaga!

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ɗaga ido na dubi tsohon nan ba. Ranar na tsaya a bakin ƙofa, na ware hannuwa.

“Baba, ba za a taɓa ta ba.”

“Ke! Ni kike gaya wa? Jikata ce.”

“Jikarka ce, Baba. Amma aska ba za ta hau jikinta ba, sai dai a fara da ni.”

Wanzamin ya sunkuyar da kai ya fice. Na goya ta, na tari mota zuwa Dutse. Aka gwada, aka rataya mata ledar jini. Ina zaune ina kallon leɓenta yana dawowa ja, na yi kuka har na gode Allah.

Da muka koma gida, kowa ya ce in je in ba Baba haƙuri, na kunyata shi a gaban baƙo. Na durƙusa na gaishe shi, kamar kullum. Haƙuri kam ban bayar ba, har gobe ba na nadama.

Har ya koma ga Allah, shekara huɗu, bai ƙara cin tuwona ba. Ni kuma ban fasa aika masa ba. Yarinyar nake ba kwanon ta kai masa zaure, ta dawo mini da shi a cike, da ƙafafunta.