Ranar da Aka Ce Mini Barewa

Shekarar da nake aji uku a makarantar 'yan mata a Gusau, ba abin da ya fi mini daɗi kamar ƙananan littattafan soyayya da ake bazawa a kan buhu kusa da tashar jirgin ƙasa. A cikinsu na koyi cewa wata rana wani zai ɗaga kai ya gan ni, ya faɗi wata magana, zuciyata ta narke. Ina ta jira.

Ranar wasannin makaranta aka aro wani matashin malami daga makarantar maza ya riƙe lasifika. Dogo ne, muryarsa kamar ta gidan rediyo. Da safe ɗalibansa suka yi nasu tseren, yana ta sanarwa: wane ya wuce, wane ya gaji, wane ya ci. Da aka zo namu na cire takalmi, na ɗaure kallabi tamau, aka busa usur.

Ina cikin gudu na ji shi: "Jama'a ku dubi barewa! Ku dubi dogon wuya! Wannan ko ba ta yi gudu ba ai ta ci!" Fili ya kaure da shewa. Ni na fara taɓa zare. Ƙawata 'yar Nahuce, gajera kakkaura, ta biyo bayana, ya ce ta yi namijin ƙoƙari.

Na isa ɗakin kwananmu ina jin kamar ba ƙasa nake takawa ba.

"Ke 'yar littafi, sauko," in ji ƙawata. "Kin ji inda ya ce kin zo ta ɗaya?"

"Ya ce barewa."

"Da wuyan kika yi gudun? Samarin safe wa ya ji an ambaci wuyansu?"

"To ke ma ai ya yabe ki."

"Wai namijin ƙoƙari. Wane namijin? Yayana ko ɗan akuya ba ya iya kamawa."

Ɗaki ya fashe da dariya. Wasu suka ce hassada ce, wasu suka ce gaskiya ta faɗa. Ni na ja mayafi na juya baya, amma maganarta ta tsaya mini kamar ƙaya a tafin ƙafa.

Da aka yi hutu na koma Tsafe, na kwashe labarin na gaya wa Inna tana tankaɗe.

"Namijin ƙoƙari ai yabo ne," in ji ta. "Haka babanku ya ce mani ranar da na kashe wutar da ta kama rumbu. Har gobe ina jin daɗinsa."

"Barewar fa, Inna?"

Ta aje rariya. "A gaban maza, da ƙarfen magana? Wuyan ɗiya ba abin shela ba ne. Wannan rashin kunya ne."

Kaina ya ƙara ɗaurewa. Abin da ƙawata ta kira raini, Inna ta ce yabo ne. Abin da ni na ɗauka so ne, su biyun sun ƙi shi, amma kowacce da nata dalili, kuma dalilan ba sa ga maciji da juna.

Wata Juma'a bayan la'asar sai ga malamin a kan babur tun daga Gusau, ya yi sallama da ni. Na sa atamfata mai ruwan goro na fita zaure. Ya yi magana mai daɗi, har na fara hango kaina a ɗakinsa. Can na yi ƙarfin hali na ce, "Malam, ranar nan wa ta ci tseren?"

Ya yi dariya. "Haba, ranki ya daɗe, wa ke lissafin ta ɗaya da ta biyu a tseren mata? Ni ke nake kallo."

Gabana ya faɗi irin faɗuwar da littattafan suka yi mini alkawari. A lokaci guda kuma na tuna asubahin da na yi ta zagaya fili a kan tsakuwa har ƙafata ta tsage. Na ce bari in kawo masa ruwa. Na shiga gida na zauna a kan turmi.

Inna ta dube ni. "A ce ya jira, ko a sallame shi?"

"Ban sani ba."

"Kina son shi?"

"Ina son abin da ya ce."

"To mi ya zaunar da ke?"

"Shi ɗin dai, abin da ya ce."

Ta girgiza kai ta ci gaba da gyaran kuka. Ina zaune da kofin ruwa a hannu har aka kira magariba, na ji ya tayar da babur. Bai sake zuwa ba, ni kuma ban aika ba. Yau na yi furfura, amma in an tambaye ni ko zagina ya yi ko so, sai in ta kallon mai tambayar.