Hannun Baba Kumfa

Shekara talatin da ɗoriya Baba Kumfa yana aski a ɗan shagonsa mai kujera biyu, ɗayar ma da bulo aka tokare ƙafarta. Mutum ne mai ibada, Allah ya sani. In aka kira salla, ko rabin kanka ya aske, haka nan za ku tafi masallaci tare.

Abu ɗaya ne dai ya yi masa yawa, son kumfa. Da ya gama aski zai sunkuyar da kai a kan baho, ya tuttula sabulun ruwa, ya yi ta cuɗawa har kunnuwanka su ɓace. A wurinsa sabulun da ba ya kumfa ruwa ne kawai aka sa wa turare. Daga nan ya samo sunan.

Ana nan sai hannu ya fara bushewa, ya yi fari fat, ya tsattsage a tsakanin yatsu. Shi kuwa bawan Allah ya ce ai dattin kawunan mutane ne. To maganin datti mene ne? Wanki. Sai ya ƙara, kowane kai ya gama ya sake wanke hannu sau biyu da sabulun nan. Har ta kai in ya zo alwala sai ya cije leɓe. Ranar da almakashi ya suɓuce masa a gaban mutane, matarsa ta ce ya rufe shagon ya zauna a gida.

"In zauna in yi me, maman yara? In riƙa ƙirga kajinki?"

"Ka ƙirga mana. Su dai ba sai an wanke musu kai ba."

Ya yi dariya, amma abin ya tsaya masa a rai. Tun yana saurayi bai san wani wurin zuwa da safe ba sai shagon.

Autarsa, wadda take aiki a kantin magani, ita ce ta zo ta ɗauki robar sabulun, ta juya bayanta tana karantawa. Ta faɗi wani dogon suna, sai dai 'yan boko su maimaita shi. Ta ce shi ne mai kawo kumfar.

"Guba ce ke nan, Auta?"

"A'a, Baba. Yana cikin sabulai da yawa, har da man goge baki. Datti yake kwashewa, sai ya haɗa da maiƙon fata. Wanda ya wanke ya ɗauraye nan take, yawanci ba ya jin komai. Mai busasshiyar fata ne yake shan wuya, ko wanda hannunsa ke ciki tun safe har yamma. Kai nawa kake wankewa a rana?"

"Ashirin, in Allah ya kawo kasuwa."

"Su sau ɗaya, kai sau ashirin. Har da ƙari."

Ta kawo masa wani mai sauƙi wanda kumfarsa kaɗan ce, da man shafawa mai kauri. Ya zuba a tafi ya murza, ya dube shi kamar an ba shi shayi babu sukari.

"Wannan ma kunya yake ji," in ji shi. Amma ya karɓa.

Masu zuwa aski ba su damu da sabon sabulun ba, sai wani tsohon direba da suka shekara ashirin tare. Yana sunkuye a kan baho ya ce, "Maigida, yau da addu'a kake wanke ni? Ban ji komai a kaina ba."

Baba Kumfa ya dubi yatsunsa da suka fara warkewa. Ya dubi tsohuwar robar sabulun a kan kantar shagon, ransa na so. Sai ya ɗauko ta ya danƙa wa direban.

"Ga shi, direba. Kanka ne, hannunka ne."

Haka direba ya yi ta cuɗa kansa da kansa, kumfa har gira, Baba Kumfa na tsaye hannu a baya yana cewa, "Bayan kunne. Ka bar ƙeya. Ɗauraye da kyau."

"To kai aikin me kake yi?"

"Ina koya maka sana'a."

Bayan mako uku ya yi alwalar asuba bai cije leɓe ba, ya yi wa Allah godiya, ya ɗauki makullin shago. Matarsa ta bi shi har bakin ƙofa da man shafawa, don ya manta shi a kan tabarma.