Jan Soɓon Gonar Hamani

Shekara goma sha tara Zuwaira ta yi tana sayar da soɓo a bakin tashar Filinge. Masu soɓo da yawa ne a garin, amma direbobin Yamai nata suke nema, wasu har bido, wato jarka, suke cikawa su kai wa iyalinsu.

Ba ta ɓoye wa kowa yadda take yi. Iri uku take haɗawa. Akwai baƙi na fadamar Bonkuku, shi ke ba da launi da kauri, amma shi kaɗai lami ne a baki. Akwai fari na kasuwar Baleyara, ɗan kaɗan take barbaɗawa don tsami. Na ukun ja ne, ƙanana, daga gonar ƙanenta Hamani, can arewa a hanyar Abala. Gonar jigawa ce, ruwa ba ya isarta, shi ya sa 'ya'yan ba sa girma. Amma in aka jiƙa su, ƙamshi kan cika gida, kuma bayan an haɗiye akwai wani ɗan bauri mai daɗi da ke daɗewa a maƙogwaro. Ba ta tafasawa, jiƙawa take da citta da kanumfari, na'a-na'a kuwa sai an tace.

Tulu biyu take ajiyewa. Wanda ya zo da balangu daga wajen mahauta, sai ta ɗebo masa mai yawan citta da ƙarancin sukari, don ya yanke maiƙo. Mai dambu da zogale, mai zaƙin take ba shi. In kilishi ne a hannunka, sai ta riƙe kofin ta ce, "Bari yaji shi kwanta tukuna, kada ka ɓata mani aiki."

Hamani ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Kowace kaka yakan zo da buhu biyu a saman motar kasuwa, ya zauna a bencinta, ya kurɓa, ya ce, "Yaya, bana Bonkuku ta yi yawa." Ta kai masa duka da ludayi, su yi ta dariya.

Shekarar da 'yan bindiga suka ba ƙauyensu kwana uku kowa ya tashi, Hamani ya taho Filinge da matarsa Jamila da 'ya'yansu biyu, suka sauka gidan Zuwaira. Damina ta yi nisa, shuka tana tsaye ya baro ta. Mutumin da bai taɓa yi wa wani aiki ba ya koma dako a tasha.

Da kaka ta yi, tsohon buhun ja ya ƙare. Wata safiya Zuwaira ta haɗa iri biyu, ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska. Ba da kowa take ba, da tulun take, ta ce, "Wanga ba soɓo ba ne, ruwan rini ne."

Hamani yana bakin ƙofa yana sa takalmi. Ya ce, "Yanzu haka nawa ya nuna, shina can shina bushewa a tsaye."

"Kul, kada in ji! A bar shi shi bushe."

"To, Yaya," in ji shi.

Bayan kwana biyu ya ce wa Jamila za shi kasuwar Abala tare da Tahiru, maƙwabcinsu na ƙauye da suka yi gudun hijira tare. A rana ta huɗu Tahiru ya dawo shi kaɗai. Ya ajiye buhu a tsakar gida, ko rabi bai cika ba, ya durƙusa gaban Zuwaira.

Ashe ba kasuwa ba, gona suka tafi. Suna cikin tsinka da hantsi, masu babura suka ɓullo. Tahiru ya gangara kwari ɗiban ruwa, can ya laɓe har ya ji ƙarar bindiga sau biyu. Da suka wuce, shi da wasu makiyaya suka rufe Hamani a gefen gonar.

"Ya ce yini guda za mu yi," in ji Tahiru. "Ya ce so shikai ki buɗe ƙofa ki iske buhu."

Zuwaira ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta ce, "An yi mashi sutura?"

"Da rawanina."

Sai da aka share zaman makoki ta iya duban Jamila. Ta ce, "Ni na aike shi. Bakina ya kashe maki miji."

Jamila ta ce, "Yaya, tun ran da munka zo ba shi da zance sai gonar nan. Ko ba ki tanka ba, da ya tafi. Kwana ne ya ƙare."

Zuwaira ta gyaɗa kai, amma har yau zuciyarta ba ta karɓi wannan magana ba.

Ranar sadakar arba'in ta juye buhun gaba ɗaya, ta haɗa iri ukun, aka raba wa mutane da masa. Kowa ya sha. Ita ko ludayin ba ta kai baki ba. Ta tsince irin da ya rage a gindin buhu, da damina ta shuka a bayan ɗaki. Ya samu ruwa da taki, ya yi manyan 'ya'ya. Jamila ta jiƙa ta ɗanɗana, ta ce bai bambanta da na kasuwa ba. Zuwaira ba ta sake shukawa ba.

Wata huɗu ta yi ba ta fita ba, sannan ta koma tasha, don akwai baki huɗu a gidan. Yanzu Jamila ce ke haɗawa, ita ke ɗanɗanawa, Zuwaira zubawa kawai take. Ta daina shan soɓo, ko da azumi da ruwa take buɗe baki. Yaran Hamani suna lakwal, makarantar boko, babbar ta kai aji biyar.

Kabarin ne ba ta gani ba har yanzu. Duk motar da ta shigo daga Abala, takan bar tulunta ta je wajen direba ta ce, "Hanyar ƙauyenmu fa?"

Su ce, "Sai haƙuri, Inna, ba a shiga tukuna."

Ta ce Allah shi kyauta, ta koma bencinta.