Shimfiɗar Kujerar Baya

Ranar Talatar nan, ƙarfe shida da rabi na safe, Warsame Guled yana karyawa da shayi da canjeero, gurasar Somaliyawa, takardar hukuma a gefen farantinsa. Shekara goma sha tara yana tuƙa tasi a Melbourne. Wata makauniya, Madam Lorraine, ta kai ƙararsa: ya bar ta a bakin titi saboda karen da ke yi mata jagora. In ya sake, lasisinsa ya tafi.

"Aabo," in ji 'yarsa Sagal, wato Baba, "ka tsallake yaƙin Mogadishu, kare ne zai raba ka da aiki?"

"Ba tsoro ba ne, sarkin surutu. In yawunsa ya taɓa min riga, da me zan yi azahar? Wanki bakwai, ɗaya da ƙasa, a tsakiyar gari?"

"Ita kuma ta je asibiti a ƙafa, ko?"

Ya ƙarasa shayinsa.

Ƙarfe bakwai Sagal ta fita ta auna kujerar bayan motar. Sha biyu ta kira shi daga jami'a: ta sayo yadi mai kauri wanda ruwa ba ya ratsawa, za ta ɗinka shimfiɗar da kare zai kwanta a kai, shi kuma ya riƙa ajiye jallabiya mai tsarki a but ɗin motar. Ya ce zai duba. Ƙarfe uku ta hau keken ɗinkin mahaifiyarta, ta ɗinke gefe uku. Huɗu da kwata zare ya ƙare, ta fita sayowa. A mahaɗar titi babbar mota ta buge ta, ta rasu. Shekararta ashirin da biyu.

Bayan mako shida ya je zaman sulhu. Karen yana kwance a ƙafar Lorraine.

"Madam, maganar yawu ban canza ba," ya ce. "Amma 'yata ta auna kujera."

"Sunansa Banjo," ta ce, "kuma ya fi rabin fasinjojinka ladabi."

Shi ya mai da su gida. Tun daga nan, duk Alhamis shi ke kai ta asibiti.

Littattafan Sagal an ba wata abokiyar karatunta. Tufafinta an kai masallaci, don sababbin zuwa. Wayarta tana cikin aljihun tebur, har yanzu yana yi mata caji. Shimfiɗar kuwa tana kujerar baya, gefe na huɗu yana zazzarewa. Sau biyu mahaifiyar ta ce ya kawo ta ƙarasa ɗinkin. Ya ce a bar ta haka.