Ranar da Ba Ajimi Ya Ɗaga Riga

Ba Ajimi mai wankin hula a unguwar Gwange mutum ne da ko ƙuda bai yarda ya sauka a rigarsa ba. Sai ciwo ya zaɓi wurin da ba a ambata a gaban surukai. Aka ce basir ne. A garin nan kuwa kowa likitan basir ne: ya sha sassaƙe, ya sha jiƙo, ya zauna cikin ruwan zafi har ya kusa dahuwa. Jini bai tsaya ba.

A asibiti Likita Dzarma bai yi masa kwana-kwana ba. Ciwon daji ne a ƙarshen hanji, dab da dubura. Da ya ɗan yi sama, da an yanke wurin an haɗa hanjin, hanya ta zauna yadda Allah ya yi ta. Nasa ya yi ƙasa da yawa. In aka bar hanyar, an bar ciwon. Sai dai a cire duka, a rufe ƙasan, a fito da hanji ta gefen ciki, ya riƙa manna jakar tara bayan gida har ƙarshen rayuwarsa.

Ba mutuwa ce ta dame shi ba. Lokacin 'yan ƙunar baƙin wake ne, ba mai shiga kasuwa sai ya ɗaga riga 'yan gora masu gadin ƙofa sun ga cikinsa.

Ya ce, "Ni in nuna wannan abu ga yaran da na ci naman sunansu? Gara a binne ni da hanjina."

Matarsa Ya Falmata ta ce, "To Malam, masu wankan gawa ma ɗaga rigar za su yi, kuma ba za su nemi izininka ba."

Aka yi aikin. Ya warke, ya ƙi leƙa waje, har ƙaron gyaran hula ya ƙare. Falmata ta ce ƙafarta na ciwo. Dole ya tafi kasuwa da kansa.

A bakin ƙofa wani ɗan gora ya ce, "Baba, riga sama!"

Ya yi kamar bai ji ba.

"Baba, da kai ake!"

Ya ɗaga. Suka ga abu manne da ciki. Kafin ya buɗe baki goruna sun zube, masu su sun yi nisa. Mai tumatur ta bar tirenta, wani ƙaton alhaji ya dage sai ya shige ƙarƙashin keke napep. Saura soja ɗaya bayan buhunan yashi, ya auna shi da bindiga.

Ba Ajimi ya ce, "Ɗana, kada ka harba. Aikin asibiti ne. Abin da ke ciki kai ma kana da shi, naka dai a ɓoye yake."

'Yan gora suka dawo ɗaya-ɗaya suna tsintar sandunansu, kowa kansa a ƙasa. Babbansu ya ce, "Yi haƙuri Baba, wuce."

"A'a. Ba ku kuka ce a ɗaga ba? Ku zo ku duba."

Sai da kowannensu ya matso ya duba da kyau, har sojan, sannan ya saki rigarsa, ya gyara zaman hularsa, ya shiga kasuwa.