Waƙar Annoba da Aka Raba Gado a Kwarbai

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga Kano, mu uku a tsohuwar motar ofis: ni mai rubuta wasan kwaikwayon rediyo, da wata malamar jami'a mai binciken ajami, da mai ɗaukar mana sauti. Birnin Zariya muka nufa, wajen wani dattijo a Kwarbai, Malam Tanimu, wanda ke riƙe da wata waƙa da kakansa ya rubuta. Waƙar tana ba da labarin wata annoba da ta taɓa afka wa birnin, da yadda mutane suka yi da rijiyoyinsu da majinyatansu har ta lafa. Wata gidauniyar ƙasar waje ce ta haɗa mu da wata jami'a a Turai, su yi bincike, mu kuma mu mayar da shi wasan rediyo don wayar da kai kan amai da gudawa. In babu waƙar nan, babu aikin.

Hanya ba laifi, sai ruwan sama da ya rako mu tun daga Kura. Kuɗin mai kuwa, kada ma a yi maganarsa. A Tashar Yari muka tsaya muka sha koko da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance kamar ƙwallon dabino. Mai sautinmu ya ƙi ajiye na'urarsa ko da zai ci abinci, yana rungume da ita kamar jaririya, malama tana ta yi masa tsiya. Ni dai dariyar ba ta kai mini ciki ba, don lambar wayar ɗan Malam ta daɗe da daina shiga.

Bari in faɗi laifina tun yanzu. Bara waccan na je wajen dattijon nan ni kaɗai. Ya kwance gafakarsa ta fata, ya fito da takardun, ya ce, “Malam, kunna wayar taka in rera maka yanzu, ga ni ga ka.” Sai na ce a'a. Dokar masu ba da tallafi ta hana a ɗauki muryar kowa kafin kwamiti ya amince da takardar izini. Na zauna ina yi wa tsoho bayanin kwamiti, wai ni mai bin ƙa'ida! Ya yi murmushi ya ɗaure gafakarsa, ya ce, “To, Allah ya kai mu.” Daga nan takardu suka yi ta kai da kawo tsakanin Kano da Turai, a gyara nan, a sake fassara can, har damina biyu.

Muka shiga ta Ƙofar Doka, muka ajiye mota inda lungu ya matse, muka taka. Ruwa ya zubar da katangun ƙasa da dama, kwatoci sun cika sun tumbatsa kusa da bakin rijiyoyi. Muna yin sallama a zauren na ga an naɗe buzun Malam an jingine. Babban ɗansa ya fito, ya gane ni.

“Ai Malam ya riga mu gidan gaskiya tun kafin azumi,” in ji shi. “Ya yi ta cigiyarka, yana cewa ina mutumin rediyon nan.”

Innalillahi. Na zauna a ƙasa. Bayan mun yi ta'aziyya, malama ta tambayi takardun a hankali. Ya ce an raba gado. Littattafan bugu ba su kawo gardama ba, amma waƙar rubutun hannun kaka ce, kowa yana son albarkarta. Da yake ba a ɗinke take ba, sai aka raba ta warƙa-warƙa, namiji biyu mace ɗaya, don kada a zalunci kowa. Shafukan ba su da lamba. Malam kaɗai ya san jerinsu, shi kaɗai ya san karin.

Muka wuni muna bin magada. A Ƙofar Kibo wani ƙanen babban ɗan ya nuna mana nasa biyun a cikin leda, tsakiyar labari ba kai ba gindi. Wasu magadan suna Legas, ɗaya yana Nijar. Takardar izininmu kuwa, wadda muka yi shekara biyu muna jira, gurbin sa hannun mutum ɗaya gare ta.

A Ƙofar Kuyambana muka sami autar Malam, wadda warƙar ƙarshe ta faɗo hannunta. Ta yi mana magana daga bayan labule. Ta ce 'yarta ta kwanta ciwo da farkon damina, ta ga warƙar cike take da addu'o'in rufewa, sai ta wanke tawadar ta ba ta ta sha. Na roƙe ta ko ta tuna wani abu. Ta rera baiti huɗu na farko, ta tsaya.

“Iyakar abin da na riƙe ke nan, Malam,” ta ce. “Sauran yana wajen Baba.”

Muka kamo hanya bayan la'asar, muka shiga Kano ana kiran magariba. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, ƙa'idar da aka kafa don kare tsoho ita na fake da ita na bar shi ya tafi da abinsa. Ba na zagin masu tallafi, sun yi nasu. Ni ne nake zaune gabansa da waya a aljihu.

Washegari na tarar da saƙonsu. Suna taya mu murnar fara aiki, suna kuma roƙon mu aika musu hoton Malam tare da mu, in da hali yana murmushi, don su sa a shafinsu. Yau kwana shida, ban ba su amsa ba.